Tabon da Mai Tabarau Ya Hango

Na ɗaga hannu zan rubuta "rijiya" a kan allo, sai hannun rigata ya zame har kafaɗa. A daidai wannan lokacin baƙon da ke zaune a bayan aji ya daina kaɗa ƙafa. Tun da ya shigo yake kaɗa ta, takalminsa yana bugun ƙafar benci, har kunnena ya saba. Sai ga shi ƙarar ta ɗauke. Na waiwaya da alli a hannu. Ba allon yake kallo ba, ba kuma yaran ba. Damtsena yake kallo.

Akwai wani ɗan fari-fari a wurin, faɗinsa bai kai bakin ludayi ba. Ya yi kamar wata biyu da fitowa. Ba ya ciwo, sai ɗan ƙaiƙayi in rana ta yi zafi. Ban taɓa damuwa da shi ba.

Bara na gama sakandaren 'yan mata a Kano. Da na dawo gida Kazaure, En'e ta ɗauke ni malama ta tura ni firamaren Roni, saboda malamai mata ba su da yawa, iyaye kuma sun fi yarda su saki 'ya'yansu mata in akwai mace a makarantar. Babana malami ne a ofishin En'e, shi ke kwafe takardu. Bai yarda na tafi ba sai da aka ɗauko mahaifiyarsa daga ƙauyensu na wajen Gwiwa ta zauna da ni. Inna muke ce mata. Bafulatana ce, ba ta taɓa riƙe littafi daidai ba, kuma ba ta jin kunyar hakan.

Shi kuwa baƙon, masani ne daga jami'a. An ce ya zo ya ga yadda yara ke amfani da sabon littafin karatu da aka raba wa makarantu. Kwana uku hedimasta ya sa ana shara, ana shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, kai ka ce duwatsun za a yi wa jarrabawa.

Dole in yi bayanin littafin nan, don shi ne ya gama da ni kafin mutumin ya buɗe baki.

A cikinsa akwai wani mutum da aka zana da tabarau, da farar kwat, da jaka, da alƙalami a aljihun ƙirji. Ba shi da suna, Masani kawai ake ce masa. In ka wuce labari biyu, a na uku sai ka gan shi. Mutanen wani ƙauye na ciwon ciki, sai ya zo ya leƙa rijiya sau ɗaya ya faɗi dalili. Shanu na mutuwa, sai ya zo ya kalli saniya ɗaya ya faɗi dalili. Gyaɗa ta ƙi yin 'ya'ya, shi ne dai. Mutum ɗaya ya san ruwa, ya san dabba, ya san ƙasa, ya san cikin ɗan Adam. Ba ya tambayar kowa komai. Ba ya taɓa komai da hannunsa. A kowane hoto yatsansa a miƙe yake yana nuni, kwat ɗinsa fes, ko ɗigon gumi babu, alhali ga rana an zana ta a saman shafin da manyan haskoki. Mutanen ƙauye kuwa an zana su baki a hangame, wasu hannu a ka. Akwai wata tsohuwa da ludayi a hannu, aikinta a kowane labari shi ne ta faɗi abin da ba daidai ba, don Masani ya zo ya gyara, yara su yi dariya.

Ni na koya musu yin dariyar. Ba wanda ya sa ni. Nakan ƙanƙance murya in kwaikwayi tsohuwar, in kumbura ƙirji in kwaikwayi Masani. In na tambaya, "Wa ya gano ciwon?" aji ya ɗauka baki ɗaya, "Masani." In na ce, "Ya taɓa kuskure?" su ce, "A'a, Malama." Har alfahari nake da yadda suke haɗa baki.

To ga shi yau Masani ya fito daga takarda ya zauna a bayan ajina. Da tabarau ɗinsa, da jakarsa, da alƙalaminsa. Kwat ɗin ce kawai ba fara ba, ruwan toka ce. Tun da safe yaran ke leƙa littafi suna leƙensa.

Ya miƙe ya yafito hedimasta, ya yi masa magana da Turanci ƙasa-ƙasa. Ya manta ni ma na ji Turancin, ko kuma bai damu ba. Hedimasta bai gane kalmar ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, wane ciwo ke nan?"

Sai baƙon ya miƙe yatsa daga can inda yake, benci biyar tsakaninmu, ya ce da Hausa, "Kuturta. Farkonta ke nan. Na sha ganin irinsa a hoto."

Wata yarinya a bencin gaba ta kalli yatsan, ta sunkuya ta kalli shafin da ke buɗe a gabanta, ta sake ɗagowa. Na ga lokacin da ta haɗa biyun. A hankali ta janye littafinta daga bakin benci ta rungume shi.

Bai matso ba. Bai ce in miƙo hannu ba. Bai tambayi yaushe ya fito ba. Ya ciro hankici ya goge yatsunsa, don ɗazu na miƙa masa rajistar aji ya karɓa. Ni kuma na tsaya kamar mutanen cikin hoton, baki a buɗe. Abu ɗaya ya kamata in tambaye shi: yallaɓai, kai likita ne? Ban tambaya ba. Bai ma zo mini a rai ba. Daga baya Baba ya gaya mini abin da mutumin ya yi shekaru yana karantawa shi ne girman haruffan da ya dace da idon yaro, da yawan layin da ya kamata shafi ya ɗauka.

A ofis hedimasta ya tsaya ta bayan tebur, ya ce, "Malama, ki yi haƙuri ki zauna a gida tukuna. Zai sa a rahotonsa, ni ma dole in rubuta wa En'e."

Na ce, "Malam, ai bai duba ba."

Ya ce, "Ya duba mana, a gabana. Mai ilimi irin wannan ba ya buƙatar ya tsaya lalube."

Na san abin da ke biye. In takardar ta tabbata, aiki ya ƙare, kuma za a kai ni sansanin da ake ajiye masu ciwon, can bayan gari, inda in 'yan'uwanka sun zo gaishe ka suke tsayawa daga nesa. Shekaruna biyar na makarantar kwana, da akwatin littattafaina, da Turancina, duk su bi ni can. Kafin in fita daga harabar na hango an ɗauki allin da na yi rubutu da shi da ganye an nufi masai da shi.

Inna na tankaɗen gari na shigo. Na faɗi a kan tabarma ina kuka, na gaya mata. Ta karkaɗe hannu, ta jawo damtsena, ta juya shi wajen haske, ta murza wurin da babban yatsa.

Ta ce, "Wannan? Kyasfi ne. A rugarmu 'yan mata har so suke ya fito musu a wuya, wai ado. Wane ne ya ce kuturta?"

"Masani ne daga jami'a."

"Ya taɓa?"

"Bai taɓa ba."

"To da me ya sani, da hanci?"

Abin da na ce mata shi ne ya fi komai ƙona mini rai har yau. Na fizge hannuna na ce, "Inna, ki bari. Wannan ba abin da kika sani ba ne." Tana zaune, ga rariya, ga ludayi a gefenta cikin ƙwarya. Da idon littafin na kalle ta. Ta ci gaba da tankaɗe, can ta ce, "To, 'yar boko. Allah ya ba ku lafiya ke da mai gilashin."

Kwana tara na yi a ɗaki. Magana ta zaga Roni kafin la'asar, yara sun kai ta kowane gida, kuma sun kai ta da hujja: Masani ne ya faɗa, wanda ke cikin littafi. Iyayen da dama dagaci ne ya tilasta musu sa 'ya'ya a boko suka sami abin da suke nema, aji ya watse. Mai kawo mana nono ta daina shigowa, sai ta tsaya a zaure ta tsiyayo shi daga sama don kada ƙwaryarta ta taɓa tamu. Ni da kaina na ware kwanona da moɗata, na ɗaura musu jan zare. Inna ta kwance zaren ta yar. Na sake ɗaurawa. Ta sake kwancewa, ta tsoma hannu a kwanona ta ci tuwo tana kallona.

Na taɓa jin cewa wurin da ciwon ya kama ba ya jin zafi. Sai na ɗauki allurar ɗinki ina soka wa tabon. In na ji zafi sai in ce ai don ina kallo ne. In sake sokawa. Har wurin ya yi ja ya kumbura. Kullum da safe in ɗauki madubi in duba girata ko ta fara zubewa, in shimfiɗa yatsuna a cinya in ga ko akwai wanda ya fara lanƙwashewa. Ran Juma'a na leƙa ta katanga na hango kutare biyu suna wucewa za su bakin masallaci. A nan gindin katangar na zauna.

Rana ta goma Baba ya zo daga Kazaure. Takardar hedimasta ta biyo ta teburinsa, shi aka miƙa wa ya kwafe ta, da sunan 'yarsa a ciki. Na shimfiɗa masa tabarma, ya ce a bar shi a tsaye, ƙafarsa ta sage a mota. Na gane. Inna ma ta gane.

Ta ce, "Zauna, ɗan nan. Ni da na haife ka a kwanonta nake ci."

Ya zauna a bakin tabarmar. Ya ce, "Inna, na roƙi a riƙe takardar mako ɗaya kafin a kai gaba. Sai an sami shaidar asibiti."

"Shaidata ba ta isa ba ke nan."

"Ba haka ba ne, Inna. Su hatimi suke so."

A Kazaure ma akwai ranar da ake duba masu irin wannan ciwo, amma Baba ya ce in aka gan ni a wannan layin sau ɗaya, ko an wanke ni, bakin mutane ba zai wanku ba. Ya ce mu tafi Babura, inda ba a san mu ba. Shi ba zai iya barin ofis ba, Inna ce za ta raka ni.

Muka bi motar kasuwa, a kan buhunan gero, da raguna uku a ɗaure kusa da ƙafafunmu. Na lulluɓe har yatsu duk da zafin da ake yi. Duk wanda ya kalle ni sai in ga kamar ya sani. Inna kuwa hira take da wata mata a kan tsadar gishiri.

A bayan ƙaramin asibitin Babura akwai wata babbar tsamiya. A ƙarƙashinta aka ajiye tebur da benci, mutane sun yi layi, da yawansu daga ƙasar Faransa, wato Nijar, suka tsallako da ƙafa don karɓar ƙwaya. Na duba ko'ina ina neman farar kwat. Babu. Wanda ke zaune a teburin wani tsoho ne baƙi, da tsagen Barebari a fuska, da rigar kaki da ta koɗe. Da muka matso na ga hannuwansa. Yatsun duk sun gutsure, sai dungulmi, babban yatsan dama ne kaɗai ya rage rabi. An ɗaura masa alƙalami a tafin hannu da igiyar fata. Wata mata a layi ta gaya mana shi ma ciwon ya yi yana saurayi, aka yi masa magani ya warke, tun daga nan yake wannan aikin.

Raina ya ce, wannan ne zai warware maganar mutumin jami'a? Har a lokacin littafin bai sake ni ba.

Da layi ya zo kanmu ya ɗaga kai ya kalli Inna, ya ce, "A'a, yau Fulani ne a gabana. Wace saniyar ce ba lafiya?"

Inna ta ce, "Ba saniya ba ce, bawana. Jikata ce. Tashi ka gaishe da uwargijiyarka tukuna."

"Uwargijiya da ta zo a kan buhun gero. Zauna, 'yata, rabu da tsohuwar nan. Me ke tafe da ke?"

Na buɗe damtsen, na ce wani masani ya ce kuturta ce. Tambayoyi ya shiga yi. Yaushe ya fito. Yana ƙaiƙayi. Da zafi ko da sanyi ya fi yi. Akwai wani a baya ko a ƙirji. Akwai mai ciwon a gidanmu. Kofi ya taɓa suɓuce mini ban sani ba. Na taɓa ƙonewa a wajen girki ban ji ba. Ya kalli jan da ke wurin ya ce, "Wannan kuma aikin waye?"

Na ce allura na sa.

"Ke da kika yi makaranta? Ai ko ni aka soka wa allura a wani wurin sai na yi tsalle. Ba haka ake yi ba."

Ya ce in fita cikin rana in zaga asibitin sau uku da sauri. Na zaga, mutanen layi na kallona, wani yana cewa ko sabon magani ne aka kawo. Na dawo ina haki. Ya kama damtsena da dungulmin hannuwansa biyu, ya kusanto da fuskarsa har ina jin numfashinsa da ƙamshin goro. Mutum na farko ke nan, ban da Inna, da ya taɓa ni cikin kwana goma sha ɗaya.

Ya ce, "Kin ga gumi a kan tabon? Riƙe wannan a ranki, tabon kuturta ba ya gumi. Yanzu rufe ido. Bafulatana, sa hannu ki rufe mata, 'yan boko da leƙe."

Inna ta rufe mini ido da tafinta mai warin man shanu. Ya ce duk inda na ji an taɓa in nuna da yatsa. Auduga ce ya murza ta yi tsini. Na ji ta a wuyan hannu, na nuna. Na ji ta a kafaɗa, na nuna. Aka ɗan jima ban ji komai ba, na ce shi ke nan, yana taɓawa ne ba na ji. Sai ya ce, "Ban taɓa ba, gwada ki nake." Sannan na ji ta, sirit, a tsakiyar tabon. Na nuna. Ya sake, a gefe, a tsakiya, a gefe. Duk na nuna. Ya lalubi bayan gwiwar hannuna da ragowar babban yatsansa, ya danna wata jijiya, ya tambaya ko da zafi. Na ce babu.

Ya ce wa Inna, "Saura abu ɗaya, ni kuma ba ni da kayan aikin. Ara mini farcenki. Kankare gefen nan da ba ta lalata ba."

Inna ta kankara. Wani farin gari ya taso, laushi kamar dusar gero.

Ya saki hannuna ya jingina da tsamiya. "Kyasfi."

Inna gyara ɗaurin kallabinta kawai ta yi, ta kalli sama.

Na ce, "Baba, ka tabbata? Mutumin daga jami'a yake."

"Daga ina ya tsaya ya gani?"

"Daga bayan aji."

"To idonsa ya fi nawa. Ni shekara da shekaru ina wannan aiki, jikina ma ya yi karatun, amma har yau sai na tambaya, na taɓa, wani lokacin in ce a dawo bayan wata uku don ban sani ba. Naki dai na sani. Ba ki da komai, 'yata. Ki daina lulluɓa cikin zafi, shi ke ƙara shi."

Ya jawo takarda ya rubuta da alƙalamin nan na igiya, a hankali, haruffa manya-manya a karkace, irin waɗanda da yarinya ce ta yi mini su a aji da na sa ta sake. Ya danna hatimin asibiti da tafin hannunsa biyu. Ya ce, "Kai wa En'e. Su ba fata suke karantawa ba, wannan suke karantawa." Ya ba ni wani man shafawa mai warin farar wuta a ɗan gwangwani.

Na tsaya da takardar a hannu ina tunanin shafin nan. Wanda ya zana littafin ba zai taɓa zana wannan tsohon ba. Ba shi da yatsan da zai yi nuni da shi. In ma an zana shi, a cikin masu hangame baki za a sa shi, kusa da tsohuwa mai ludayi. Yara arba'in na koya wa su yi wa irinsu dariya, su kuma miƙa wuya ga duk wanda ya shigo da tabarau da jaka, suka kuwa koya da kyau, suka gwada a kaina.

Ana kiran azahar a masallacin kasuwa. Na zauna a ƙasa a gefen layin, jikina na ɓari kamar mai zazzaɓi, ɓarin da har yanzu yakan dawo mini in ƙarar takalmi ta ɗauke a bayana. Tsohon ya riga ya juya ga mai bi mini, wani Buzu mai rauni a ƙafa, yana tambayarsa yaushe ya fara.

Inna ta sayo fura a wajen wata mata, ta dama, ta sha, ta miƙo mini ludayin. Na ce, "Inna, ki yafe mini abin da na faɗa."

Ta ce, "Sha dai, mota ba za ta jira mu ba. In mun koma ki nuna mini matar nan ta cikin takardarku da yara ke cewa mai kama da ni. Ina so in ga ko ludayinta ya kai nawa."